BABI NA UKU: YADDA MAGANIN GARGAJIYA NA SINAWA YA ƊAUKI ƘULLUTUN MAƘOƘO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suka fahimci ƙullutun da kan fito a gaban wuya, da magungunan da suka tanadar masa. Haka kuma za a duba dalilin da ya sa maganin da ya yi aiki a da bai dace da kowane ƙullutu ba a yau.

3.1 Ma'anar Ciwon da Musabbabinsa

Sinawa suna kiran kumburin gaban wuya da suna "ying", wato abin da Bahaushe ke kira maƙoƙo. Kumburin yakan taso ne daga wata halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da ke ƙasan maƙogwaro, wadda likitocin zamani ke kira tayirod. Wani lokaci halittar ta kumbura baki ɗaya, wani lokaci kuwa ƙullutu ɗaya ko fiye ya fito a cikinta.

A shekarar 610, masani Chao Yuanfang ya kawo musabbabai biyu a littafinsa mai suna Zhubing Yuanhou Lun. Na farko shi ne damuwa da fushi, waɗanda a ganinsa kan ɗaure "qi", wato ƙarfin rai da Sinawa suka yi imani yana zagaya jiki. Na biyu shi ne ruwan da mazauna yankunan duwatsu ke sha. Daga baya, a shekarar 1617, Chen Shigong ya danganta ciwon da taruwar abubuwa uku: daskararren jini da gurɓataccen qi da majina. Ke nan manufar magani a wurinsu ita ce a kwance qi, a narkar da majina, a kuma tausasa abin da ya taurara.

3.2 Rabe-raben Ciwon

A shekarar 1174, Chen Yan ya kasa ciwon gida biyar, kamar haka:

(a) Na dutse: mai tauri, wanda ba ya motsi idan an taɓa shi.
(b) Na tsoka: wanda launin fatar wurin ba ya sauyawa.
(c) Na jijiya: wanda jijiyoyi ke bayyana a kansa.
(d) Na jini: wanda jajayen hanyoyin jini ke sarƙe a kansa.
(e) Na qi: wanda ke ƙaruwa ko raguwa gwargwadon damuwar mai shi.

Abin lura a nan shi ne, siffar da aka ba kashi na farko ta yi daidai da alamun da likitocin zamani ke zargin ciwon daji da su.

3.3 Magunguna

Tun a ƙarni na 4, Ge Hong ya rubuta cewa a jiƙa ciyawar teku mai suna "haizao" a cikin giya a ba mai maƙoƙo. A ƙarni na 7, Sun Simiao ya yi amfani da ita da 'yar'uwarta "kunbu", har ma da tayirod na tumaki da na barewa. Shi kuwa Chen Shigong, shi ya tsara haɗin da ya fi shahara, wato Haizao Yuhu Tang, wanda ya ƙunshi waɗannan ciyayi na teku da ɓawon lemo da wasu saiwoyi, ana dafawa a sha.

Ba a gano sirrin wannan magani ba sai bayan da Bernard Courtois, mutumin Faransa, ya fitar da sinadarin aidin daga tokar ciyawar teku a shekarar 1811. Tayirod ba ya aiki sai da aidin, kuma rashinsa ne ke sa ya kumbura. Ƙasar yankunan duwatsu da ke nesa da teku ba ta cika samun wannan sinadari ba. Ashe ke nan Chao Yuanfang ya hango wurin da ciwon ya yi katutu, Ge Hong kuma ya dace da maganinsa, duk da cewa babu wanda ya san aidin a cikinsu.

3.4 Matsayin Maganin a Yau

Sai dai kuma al'amarin ya sauya. Tun daga shekarar 1995 ƙasar Sin ta game sa aidin a gishirin ci, abin da ya rage maƙoƙon rashin aidin ƙwarai da gaske. Yawancin ƙullutun da ake gani yanzu ƙanana ne, hoton sikanin ne ke tono su, kuma masu su ba lallai ne suna da ƙarancin aidin ba. Babban mutum yana buƙatar maikirogiram 150 na aidin a yini, alhali giram ɗaya na busasshen kunbu na iya ninka wannan adadi sau da dama. Idan aidin ya yi yawa ga mai ƙullutu, tayirod na iya wuce kima wajen aiki, har a sami bugun zuciya da rama da karkarwa. Saboda haka ne wasu masu maganin suka karkata ga tsirrai marasa yawan aidin, irin su "xiakucao".

Haɗari na biyu shi ne jinkiri. Kimanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na ƙullutun tayirod ciwon daji ne, kuma taɓa wuya ko jin bugun jini ba ya rarrabe su. Abin da ke rarrabewa shi ne hoton sikanin da gwajin jini da zuƙo ɗan nama da siririyar allura domin a duba shi. Mai ƙullutu irin na dutse, idan ya tsaya shan jiƙo, yana iya rasa lokacin da tiyata za ta fi yi masa amfani.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa nasarar da Sinawa suka samu ta dogara ne a kan aidin da ke cikin ciyawar teku, domin maƙoƙon zamaninsu galibi na rashin aidin ne. Ƙullutun yau kuwa musabbabansa sun bambanta. Don haka wajibi ne a fara tantance nau'in ƙullutu a asibiti kafin a yanke shawarar ba da kowane irin magani.