Tantanin da ke wanke jinin mai ciwon ƙoda

Idan ƙodar mutum ta daina aiki, dattin da ya kamata ya fita cikin fitsari sai ya taru a jini. Irin wannan marar lafiya, kamar waɗanda ake karɓa a asibitin Lamorde na birnin Yamai, na'ura ce ke yi masa aikin ƙoda. Bisa ƙa'ida ana ɗora shi kanta sau uku a mako, awa huɗu kowane zama.

Zuciyar na'urar wani ɗan bututu ne da ke ƙunshe da zarurruka wajen 10,000, kowane da rami a cikinsa, faɗin ramin kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Jini yana bi ta cikin ramin, ruwan wanki yana bi ta waje. Jikin zaren tantani ne na roba mai ƙananan ƙofofi: datti ya wuce, ƙwayoyin jini su tsaya.

Sai dai jini ba ya son baƙo. Da zarar ya taɓa abin da ba jijiya ba, cikin ɗan lokaci ƙwarai sinadaran furotin da ke cikinsa sukan manne a kai. Masani Leo Vroman ya nuna cewa furotin ɗin nan bi da bi suke zuwa, na baya yana ture na gaba. Idan wanda ake kira fibirinojen ya zauna, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare sai su bi shi, tantani ya toshe. Ashe ke nan ba roba kaɗai ke yanke hukunci ba, har da abin da ya fara kwanciya a bisanta.

Likita Willem Kolff na ƙasar Holan ne ya ƙera na'urar farko da ta yi aiki, a 1943, ƙasarsa tana hannun sojojin Jamus. Ya yi amfani da ledar selofan wadda ake ɗura niƙaƙƙen nama a ciki. Marasa lafiyarsa na farko ba su rayu ba, sai a 1945 wata tsohuwa mai shekara 67 ta tashi.

Tantanin da suka biyo baya, irin su Cuprophan, daga selulos na auduga aka yi su. A 1968 likitoci a Amurka suka lura cewa fararen ƙwayoyin jini suna raguwa ƙwarai a farkon wanki. A 1977 aka gano dalili: fuskar selulos tana tayar da garkuwar jiki kamar cuta ce ta shigo, fararen ƙwayoyin su je su taru a huhu.

Daga nan masana suka koma gyaran fuskar tantani. A Jamus aka musanya ɗan kaɗan daga cikin wuraren da furotin ke kamawa a jikin selulos da wani sinadari, aka sami Hemophan, tashin garkuwa ya ragu. A 1983 kamfanin Fresenius ya fito da tantanin folisulfon. Wannan roba ba ta son ruwa, don haka ake gauraya ta da sinadarin PVP, wanda ke riƙe ruwa a fuskarta har furotin ya rasa wurin zama mai kyau.

Gyara kuwa yana da nasa haɗari. Tantanin AN69 na Faransa ya yi suna wajen zaman lafiya da jini, amma a 1990 aka ba da rahoton marasa lafiya da numfashinsu ke sarƙewa, hawan jininsu ya faɗi, ƴan mintoci bayan an soma wanki. Galibinsu suna shan wani rukunin maganin hawan jini, dangin kaftofiril. Fuskar tantanin tana sa jiki ya samar da sinadarin biradikinin, maganin kuma yana hana a rushe shi. Aka shafe fuskar da wata roba da ta rage ƙarfinta, matsalar ta lafa.

Saboda haka ne ma'aikatan lafiya ke tambayar marar lafiya magungunan da yake sha kafin a ɗora shi kan na'ura, kuma wajibi ne ya faɗa duka. Hukumomin da ke sayen kayan asibiti su ma ya dace su duba irin tantanin, ba kuɗinsa kaɗai ba, domin araha ba ta ado.