Intabiyun neman aiki a Sakkwato: Tsakanin kunya da bayyana ƙwarewa

A kowace shekara dubban matasa ne ke kammala karatu a manyan makarantun birnin Sakkwato, kuma da dama daga cikinsu kan tsallake jarrabawar rubutu ta neman aiki, amma su sha ƙasa a 'yan mintocin da za su zauna gaban kwamitin ɗaukar ma'aikata.

Birnin dai na da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a shekarar 1975, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi.

Guraben aiki kuwa ba su kai yawan masu nema ba. Akasarinsu suna ma'aikatun gwamnati ne, da asibitin koyarwa na jami'a, da bankuna, da kamfanin siminti na BUA da ke Kalambaina, sai kuma ƙungiyoyin agaji.

Tambayoyin da ake yi a wajen intabiyu ba su cika sauyawa ba, don haka mai neman aiki na iya shirya masu tun daga gida.

'Ba mu tarihinka'

Kusan ko da yaushe da wannan buƙata ake buɗe zaman, kuma a nan ne tarbiyyar gida ke cin karo da tsarin ofis.

Yaron da ya tashi a Sakkwato an hore shi da sunkuyar da kai gaban na gaba, da taƙaita magana, da barin wasu su faɗi alherinsa. Hausawa ma na cewa yabon kai jahilci.

Sai dai kuma 'yan kwamitin ba su san shi ba, kuma babu wanda zai shigo ɗakin ya yi masa shaida. Idan ya yi shiru, ko ya amsa da kalma biyu, mai yiwuwa ne a ɗauka cewa ba shi da abin faɗa.

Mafita a nan ita ce bambance yabon kai da bayar da labarin aiki. Wanda ya ce shi haziƙi ne mai ƙwazo, yabon kansa ya yi, kuma babu yadda za a tabbatar da hakan.

Amma wanda ya ce, alal misali, ya koyar da lissafi a wata makarantar sakandare lokacin hidimar ƙasa, ya tarar babu littattafai, ya riƙa rubuta darasi da hannu yana rarraba wa ɗalibai, to ya faɗi abin da ya faru ne kawai. Kwamitin ne zai yanke hukunci da kansa.

Malaman addini kan kafa hujja a wannan batu da Annabi Yusuf (AS), wanda a aya ta 55 ta surar da ke ɗauke da sunansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasar, yana mai ambaton riƙon amanarsa da saninsa. Ke nan mutum ya bayyana abin da ya iya a inda ake buƙatarsa ba girman kai ba ne.

Wani kuskuren kuma shi ne soma tarihin tun daga unguwar da aka haifi mutum da makarantar firamare. Abin da ake so shi ne fannin da ya karanta, da abin da ya taɓa yi, da yadda hakan ya dace da gurbin, duk a cikin kamar minti biyu.

Matashin da bai taɓa aikin albashi ba bai kamata ya ce ba shi da ƙwarewa ba. Shekarar hidimar ƙasa ta NYSC, shirin da aka soma a 1973, aiki ce. Haka nan riƙe littafin ciniki a shagon mahaifi a babbar kasuwa, ko koyarwa a makarantar Islamiyya.

'Me ya sa kake son aiki a nan?'

Kowa a ɗakin ya san cewa albashi ne ya kawo mai nema. Abin da ake aunawa shi ne ko ya ɗauki ɗawainiyar sanin wurin.

Mai neman aiki da ƙungiyar likitoci ta MSF a Sakkwato, ya kyautu ya san cewa tun 2014 take tallafa wa asibitin cutar noma da ke birnin. Cutar, wadda ba ta da alaƙa da noman gona, tana cin naman baki da fuskar ƙananan yara, kuma a watan Disamban 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Wanda ya kawo irin wannan bayani ya riga ya yi wa sauran fintinkau.

Tambaya kan rauni ko gazawa ma ana yawan yinta. Cewa babu rauni amsa ce maras kan gado. Gara mutum ya ambaci wani abu na gaskiya, kamar ƙarancin sabo da wata manhajar kwamfuta, sannan ya faɗi matakin da yake ɗauka a kai.

Albashi da wurin aiki

A aikin gwamnati babu ciniki, domin albashi na bin mataki ne, kuma mai digirin farko kan fara daga mataki na 8.

A kamfanoni da ƙungiyoyi ne ake tambayar nawa mutum ke so. Amsar da kunya ke sa wa a bayar, wato duk abin da aka ga ya dace, takan jawo a ba shi mafi ƙanƙanta.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, naira 70,000 ne. Daga nan mai nema zai iya tambayar waɗanda ke irin aikin, ya je da adadi a ransa.

Tambayar da ta fi nauyi a jihar ita ce ko mutum zai amince a tura shi ko'ina. Jihar na da ƙananan hukumomi 23, kuma na gabashinta, irin su Isa da Sabon Birni, sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga.

Bai dace a amsa da 'eh' don kawai a samu aikin ba, sannan a dawo ana neman sauyi. Wannan magana ce da ya kamata a kammala da iyaye, ko da miji ga matan aure, kafin ranar.

Turanci da takardu

Da Turanci ake gudanar da akasarin intabiyu, kuma da yawa daga masu nema sun fi iya rubuta shi a kan furta shi. Maganin hakan shi ne mutum ya sa aboki ya zauna a matsayin kwamiti, ya amsa da babbar murya har bakinsa ya saba. Haddace amsa kamar karatun allo kuwa na da haɗari, domin tambaya ɗaya ta ba-zata na iya wargaza komai.

Gaisuwa cikin ladabi, da 'ranka ya daɗe' ko 'ranki ya daɗe', ba laifi ba ne. Amma bayan gaisuwar ana so a ɗaga kai, a yi magana yadda za a ji.

Da dama daga matasa na ganin cewa duk wannan shiri ɓata lokaci ne ga wanda ba shi da ubangida, kuma ƙorafin nasu na da tushe. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aiki a hukumomin gwamnatin tarayya.

To amma bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke biyan ma'aikaci don aikin da zai yi masu, sun fi dogara da abin da suka ji a ɗakin.

Ana kuma buƙatar zuwa da asalin takardu da kwafinsu: shaidar kammala karatu, da ta hidimar ƙasa ko ta yafewa, da ta haihuwa, da kuma ta ƙaramar hukuma. Idan suna ko ranar haihuwa sun saɓa tsakanin takardun, to a gyara da takardar rantsuwa ta kotu kafin ranar intabiyun.