Yadda ake warware matsalar ɗora manhajar Windows a kan Linux

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa Windows 10, sai dai ƙarin wa'adi na gyare-gyaren tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026 ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 da ta gaje ta kuwa tana da sharuɗɗa, ciki har da guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas ko sama da haka.

Wannan ya shafi masu shagunan buga takardu a Birnin Kudu da Gwaram kai-tsaye, domin da yawa daga cikin kwamfutocinsu kwance ne da aka sayo a titin Beirut na Kano, kuma sun girmi waɗannan sharuɗɗa. Da su ake buga aikin ɗaliban Kwalejin Koyon Aikin Jinya, da takardun ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da katin ɗaurin aure. Shawarar da masu gyara kan bayar ita ce a koma Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta raina tsohuwar kwamfuta. Sai dai Linux ba ta buɗe manhajojin Windows da kanta, kuma CorelDRAW da Photoshop da Microsoft Word duk ba a yi su dominta ba.

A nan ne Wine ke shigowa. Wine tamkar tafinta ce: idan manhaja ta nemi Windows ta buɗe mata fayil ko ta zana mata taga, sai Wine ta karɓi buƙatar ta juya ta zuwa yaren da Linux ke ji. An fara aikinta a 1993, Alexandre Julliard ke jagorantarta tun 1994, amma sai a 2008 aka fitar da zubi na 1.0. Wannan jinkiri ya isa ya nuna girman aikin. Masu Wine ba su riƙe da asalin rubutun Windows, sake gina kowane sashe suke yi da kansu, shi ya sa wata manhajar ke gudu lafiya, wata kuma ta tsaya a bakin ƙofa.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a duba rumbun AppDB da ke shafin WineHQ, inda masu amfani ke bai wa kowace manhaja daraja, daga Platinum, wadda ke aiki ba tare da gyara ba, zuwa Garbage, wadda ba ta moruwa. Darajar ta kowane zubi ce daban. Tsohon Office na 2010 ya fi sababbin saukin kai nesa ba kusa ba, haka ma Photoshop CS6 idan aka kwatanta da na yanzu.

Idan an danna fayil ɗin ɗorawa aka ga shiru, kuskure ne a yi ta maimaita dannawa. A buɗe tagar rubuta umarni, a rubuta wine sannan sunan fayil ɗin, sai Wine ta fito da bayanin abin da ke faruwa. Layukan da suka fara da fixme galibi ba abin tashin hankali ba ne. Waɗanda suka fara da err ne abin karantawa. Sau da yawa za a ga an ambaci wani fayil da ba a samu ba, kamar MSVCP140.dll. Ma'anarsa manhajar na neman wani sashe na Visual C++ da ta saba tararwa a Windows. Ƙaramar manhajar Winetricks ce ke kawo irin waɗannan: vcrun2019 domin wannan matsala, dotnet48 ga masu neman .NET, da corefonts idan rubutu ya fito a hargitse ko haruffa suka zama akwatuna. Wanda ke buga Hausa zai so ya gwada ƙ da ɗ da ɓ tun a wannan mataki, kafin katin biki ya kai hannun mai shi.

Akwai kuma batun 32-bit da 64-bit. Tsofaffin manhajoji da dama na 32-bit ne, kuma a Ubuntu ko Linux Mint sau da yawa sai an kunna tallafin i386 kafin Wine ta iya ɗaukarsu yadda ya kamata. Wata manhajar kuma tambaya take yi ko wace Windows ce ta tarar, idan amsar ba ta yi mata ba ta fice. Ana sauya wannan amsa a cikin winecfg, a ce mata Windows 7 ce ko 10.

Babban abin da ke ɓata wa mutane lokaci shi ne zuba komai wuri ɗaya. Wine tana ƙirƙirar wani ɗaki da ke kwaikwayon rumbun C na Windows, kuma ana iya yin irinsa da yawa ta amfani da WINEPREFIX, ko da manhajar Bottles ga wanda ba ya son rubuta umarni. Kowace manhaja a ba ta ɗakinta. Idan sabis ya yanke ana tsakiyar sauke .NET, ko wuta ta ɗauke, ɗakin kan lalace ta hanyar da ba ta fitowa fili. Share shi a sake sabo ya fi arha a kan kwana biyu ana faci.

Duk waɗannan matsaloli ne masu magani. Wadda ba ta da shi ita ce ta direbobin na'urori. Wine tana fassara wa manhaja ne kawai, ba ta ɗora direban da Windows ke amfani da shi wajen magana da na'urar da aka jona. Firinta ba ta cikin wannan damuwa muddin Linux ta gane ta, domin ta nan Wine ke aika bugu. Amma na'urar ɗaukar hoton yatsa, da ɗan makullin USB da wasu manhajoji masu lasisi ke nema, da akwatunan da masu gyaran waya ke amfani da su, galibi ba sa aiki komai ƙwarewar mai gyara. Duk shagon da abincinsa ya rataya a kan irin wannan na'ura, kamar mai rajistar da ke buƙatar yatsa, gara ya bar kwamfuta ɗaya a kan Windows. Ana iya ɗora cikakkiyar Windows a cikin VirtualBox, amma kwamfuta mai RAM 4GB za ta yi ta nishi.

Wine kuma ba katanga ba ce. Manhajar da aka fasa, irin wadda ake yawo da ita a filashi, idan tana ɗauke da cuta za ta iya isa ga fayilolin mai kwamfuta ta rumbun Z, wanda ke nuna mata dukkan abin da ke cikin Linux. Saboda haka ba a kunna Wine da sudo.

Wani lokaci ma ba a buƙatar tafintan. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, Inkscape tana iya buɗe fayilolin CorelDRAW da dama, ko da yake tsarin shafi kan goce. Mai shago zai iya gwada duk wannan a kan wani rumbun daban ko tsohuwar kwamfutar da ke ajiye, ya buɗe ainihin fayilolin abokan cinikinsa, ya buga shafi biyu ko uku ya gani, kafin ya yarda a goge masa Windows.