Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: majami'un Nijar da nauyin aikin mishan

Duk matafiyin da ya bi kwalta daga Ƙonni zuwa Madawa ya san garin Galmi, in bai san shi don albasa ba, to ya san shi don asibiti. Tun shekarar 1950 asibitin nan yake karɓar marasa lafiya, galibinsu Musulmi, daga jahar Tawa, da Maraɗi, har da ƙetaren iyaka. Ƴan mishan ne suka gina shi. Tambayar da ke gaban Kiristocin ƙasarmu a yau ita ce: ran da baƙo ya naɗe tabarmarsa, wa zai riƙe aikin, kuma da wane kuɗi?

Mai karatu, ko kana zuwa majami'a ko ba ka zuwa, maganar ta shafe ka, domin ba a tambayar addinin mai ciwo a ƙofar asibiti.

Mafarin al'amari

Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893 domin ƙasashen Sudan na wancan zamani, ta sauka Damagaram a 1924, sannan ta kafa zango a Tsibirin Gobir a 1928. Katolika kuwa sun buɗe mishan ɗinsu na Yamai a 1931. Bayan shekara guda, wato 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, abin da ya sa harshenmu ya zama harshen wa'azi da waƙa a majami'un kudancin Nijar. Daga baya ayyuka suka yaɗu: gidan kula da kutare na Danja a 1956, makarantar koyon Littafi ta Agye, da aikin gona a karkarar Maraɗi. A can ne, daga 1983, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga ƙarfafa manoma su riƙa barin tohon itatuwa a gonaki suna yi masu aski, dabarar da manoma suke kira sassaben zamani.

Sai dai kusan duk waɗannan ayyuka sun tashi ne da kuɗin da aka tara a majami'un Amurka, Kanada, Ingila da Ostareliya. Ɗan ƙasa yana wa'azi, yana jinya, yana koyarwa, amma makullin asusu yana aljihun baƙo. Hausawa kuwa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, wanda kuma ya dogara da tukunyar wani, ba shi ke sa lokacin cin abinci ba.

Gida ya rabu, gida ya sake haɗuwa

Jim kaɗan bayan samun ƴancin kai na 1960, majami'un da suka fito daga aikin SIM suka haɗu a ƙarƙashin suna guda, EERN. Wajen shekarar 1990 saɓani ya shiga tsakani, gida ya rabu uku: EERN, da UEEPN, da majami'ar Salama. A shekarun da suka biyo bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da aka saki mara ga ƙungiyoyi, sababbin majami'u suka yawaita, wasu daga Najeriya, wasu daga ƙasashen gaɓar teku.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Idan ƴan tsiraru irin haka suka kasu gida goma, kowane gida da asusunsa da makarantarsa, ba mai iya ɗaukar albashin ma'aikaci guda na shekara ba tare da gumi ba. Wannan lissafi ne ya sa a ƙarshen shekarun 1990 aka kafa ƙawancen AMEEN, inuwa guda ta majami'u da ƙungiyoyin mishan na bishara, domin su yi magana da murya ɗaya a gaban hukuma, su kuma san abin da kowa yake yi.

Darussa uku masu ɗaci

Na farko ya zo ne a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Ƴan kasuwa ba su manta ba. Wanda kuɗinsa ke zuwa daga waje ya wayi gari da ninki biyu a hannu, shi kuwa mai dogaro da baikon ranar Lahadi ya tarar magani da takarda da kayan mota sun fi ƙarfinsa. Tazarar da ke tsakanin mishan da majami'ar gida ta ƙara faɗi.

Na biyu shi ne tarzomar ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, a Damagaram da Yamai, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo. An rasa rayuka goma, ƴan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai. Wutar ba ta bambanta Katolika da ƴan bishara ba. A cikin tokar ne shugabannin majami'u da dama suka gane cewa makwabcin da ake gardamar aƙida da shi jiya, shi ne mai ara maka benci yau. An kuma ga Musulmi da suka ɓoye makwabtansu Kiristoci a gidajensu.

Na uku shi ne rashin tsaro. An sace Ba'amurke Jeffery Woodke a Abalak a watan Oktoba 2016, bai samu kansa ba sai Maris 2023. An sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomowanga a Satumba 2018, aka sako shi a Mali a Oktoba 2020. Ga kuma takunkumin da CEDEAO ta ɗora bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya toshe iyakoki da hanyoyin kuɗi har zuwa Fabrairu 2024. Inda baƙo ba ya iya kwana, ɗan ƙasa ne kaɗai zai zauna.

Yadda makwabta suka yi

Ba sai an je nesa ba. A Najeriya, majami'un da suka fito daga SIM sun kafa ƙungiyar aika masu bishara ta kansu tun 1948, wadda aka sani yau da EMS, kafin ma a kafa ECWA a 1954. Dabarar ba ta da wuya: majami'a guda, ko ƙungiyar mata ta zumunta, ko iyali mai hali, su ɗauki nauyin ma'aikaci guda da iyalinsa, su san sunansa da ƙauyen da yake, shi kuma ya riƙa kawo masu rahoto.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Adashi ne da gayya aka haɗa. Manomin da ba shi da jika goma a aljihu yana da damen hatsi da kaka. Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarshen wata. Ɗan kasuwa yana da motar da ke zuwa ƙauye ranar kasuwa, wadda za ta iya sauke buhu da kwalin magani kyauta. Abin da ya rage shi ne mai haɗa su.

Amma duk ɗan kasuwa ya san abin da ke kashe adashi: uwar adashi marar amana. Asusun haɗin gwiwa ba zai daɗe ba sai da littafin shiga da fita, da sa hannun mutum biyu kafin a fitar da ko dala, da karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara. Haka kuma, a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, tilas a kiyaye abu guda: kada magani ko buhun hatsi ya zama ƙugiyar kama mutum. Wanda ya zo neman lafiya a ba shi lafiya, addininsa kuwa tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Ginin Galmi da na Danja sun wuce shekara 60 suna tsaye. Ko za su kai ɗari, amsar ba ta ƙasar waje kaɗai take ba. Wani sashe nata yana cikin kwandon baikon da ke zagayawa ranar Lahadi a Tsibiri, da Dogon Dutsi, da Yamai, da kuma cikin littafin da aka rubuta abin da ya shiga kwandon.