Daga Gem Zuwa Kwalta: Yadda Matashin Shagari Zai Koyi Mota, Da Abin Da Waya Za Ta Iya Yi Masa

Matasa da yawa a Shagari da Bodinga a waya suka fara riƙe sitiyari. Sun yi Dr. Driving, sun yi Car Parking Multiplayer, sun iya saka mota tsakanin layuka biyu ba tare da sun goge ta ba. Ranar da wani yaya ko aboki ya miƙa musu makullin Golf ko Corolla a fili bayan gari, sai labari ya sha bamban: a ɗaga ƙafa daga kuloci, mota ta yi tsalle ta mutu, a sake tayarwa, ta sake mutuwa.

A fili wannan abin dariya ne. A kan titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga, Shagari da Tambuwal ya nufi Jega, kuskure irin wannan yana iya cin rai. Hanya ce ta tireloli da tankokin mai da motocin haya masu sauri, ga 'yan kabu-kabu, ga jakuna da amalanken shanu da garken dabbobi masu tsallakawa. A mafi yawan tsawonta, mai zuwa da mai dawowa kwalta ɗaya suke rabawa.

Abin da gem ba ya koyarwa

Gem yana da ɗan amfaninsa. Yana sabar wa mutum da tunanin inda gindin mota zai nufa idan an juya sitiyari ana ribas, kuma bidiyoyin YouTube suna nuna yadda giya da kuloci ke aiki a cikin inji. Amma nauyin mota a ƙafa ake jin sa, kuma gilashin waya ba ya ba da wannan.

A mota mai giyar hannu, darasin farko shi ne gano daidai wurin da kuloci ke kamawa. Mai koyo zai take kuloci har ƙasa, ya sa giya ta ɗaya, ya riƙa ɗaga ƙafa a hankali har ya ji ƙarar inji ta ɗan sauka, mota ta fara yunƙurin tafiya. A nan zai riƙe ƙafar, ya taɓa totur kaɗan, sannan ya ƙarasa saki. Wanda ya kwashe kwana biyu yana maimaita tashi da tsayawa kawai a fili, ya fi wanda aka hau da shi titi a ranar farko. A mota otomatik kuwa doka ɗaya ce: ƙafar dama ita kaɗai ke taka birki da totur, ta hagu ta huta. Mai amfani da ƙafa biyu idan ya firgita sai ya take duka biyun.

Kafin a tayar da mota akwai tsarin da ya kamata ya zama jiki: gyara kujera yadda ƙafa za ta kai kuloci ƙasa gwiwa na ɗan lanƙwashe, saita madubai uku, ɗaura bel, tabbatar da giya tana firi kuma birkin hannu a ja yake. Bayan tashi da tsayawa sai canza giya, sai kwana da sigina, sai ribas, sai tashi a kan tudu da birkin hannu. Titi shi ne na ƙarshe, shi ma da safe lokacin da babu cunkoso, kuma ba ranar kasuwa ba.

Lissafin da ya kamata kowane mai waya ya sani

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen tituna. Motar da ke gudun 80 tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya sunkuya daƙiƙa uku don duba saƙon WhatsApp, ya yi tafiyar mita 66 ido rufe, fiye da rabin tsawon filin ƙwallo. A cikin wannan tazara yaro zai iya fitowa da gudu, ɗan kabu-kabu zai iya yanko kwana ba sigina.

Akwai wani lissafin kuma: idan aka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkuwa sau huɗu. Shi ya sa ake koyar da barin tazarar aƙalla daƙiƙa biyu tsakanin mota da ta gaba, a ƙara ta idan ana ruwa ko hazo ya sauka lokacin hunturu. Wuce tirela ma ba aikin ɗan koyo ba ne. Wanda bai ga hanya a buɗe da idonsa ba ya haƙura a baya, ko da direban tirela ya ba shi hannu.

Inda waya ke da amfani

Waya tana da wurinta, amma kafin mota ta motsa. A Google Maps ana iya sauke taswirar yankin Sakkwato a ajiye, ta yi aiki ko babu data, a saita inda za a je tun ana tsaye, a bar murya ta yi jagora. iPhone da wayoyin Android da yawa suna da tsarin da ke kashe sanarwa yayin tuƙi. Mariƙin waya da ake maƙalawa a dashbod ba shi da tsada, kuma ya fi riƙe ta a hannu ko ɗora ta a cinya. Amfani da waya ana tuƙi laifi ne da jami'an FRSC ke cin tara a kansa.

Ƙaramar kyamarar da ake liƙawa a gilashin gaba tana taimaka wa mai koyo fiye da yadda ake zato: idan ya dawo gida, shi da mai koya masa za su kalli bidiyon su ga inda ya makara da birki ko ya ci layi. Ga masu sha'awar fasaha, akwai na'urar OBD2 da ake sokawa a ƙasan sitiyari ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja irin Torque ta nuna zafin inji da dalilin da fitilar inji ta kama. Lambar gaggawa ta FRSC kuma, 122, ya kamata ta kasance a cikin kowace waya.

Lasin: hanyar da ta dace

A da, yawancin direbobi a tasha suka koyi mota, daga yaron mota zuwa direba, shekara da shekaru a ƙarƙashin maigida. An samu gwanaye ta wannan hanya, amma doka yanzu tana neman takarda. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shardanta cewa mai neman sabon lasin ya cika shekara 18, kuma ya yi aƙalla awa 26 na horo a makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita. Ana iya duba jerin waɗannan makarantu a shafin hukumar na intanet kafin a biya kowa ko sisi.

Lokacin koyo ana buƙatar takardar izinin ɗan koyo, da jar alamar L a gaba da bayan mota, da direba mai lasin zaune a gefe. Idan an kammala, makaranta za ta ba da satifiket mai lamba, a cike fom a intanet da lambar NIN, a biya kuɗi, jami'an VIO su yi gwaji, sannan a je cibiyar lasin, kamar ta birnin Sakkwato, a ɗauki hoto da zanen yatsa. Lasin na dindindin yana aiki shekara uku ko biyar. Rukunin B ne na motar gida, A na babur.

A nan ne 'yan damfara ke kama matasa. Wani zai ce a turo masa hoto ta WhatsApp da kuɗi, lasin zai iso gida cikin mako. Duk lasin da mai shi bai je da kansa an ɗauki zanen yatsansa ba, jabu ne, kuma ana iya tantance lambarsa a shafin hukumar cikin minti ɗaya. Ranar da aka tare mutum a hanya ko aka yi haɗari, wannan kati zai ƙara masa laifi a kan laifi.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Matashin da ya yi makonninsa a fili, ya cika awanninsa a makaranta, ya ajiye waya kafin ya murɗa makulli, shi ne wanda iyaye za su yarda ya kai su asibiti Sakkwato da dare hankalinsu kwance.