Direba ya sha giya ya yi haɗari: mi shari'a ke cewa, mi asiransi ke biya?



A ƙasarmu mafi yawan mutane ba su shan giya. Amma akwai masu sha, kuma cikinsu akwai masu tuƙa mota da babur. Hanyar da suke bi ita ce muke bi zuwa kasuwa da gona. Dan haka wagga magana ta shafi kowa: mai sha, da iyalinshi, da mai motar da ya ɗauke shi aiki, da wanda aka banke.

Mu ɗauki misali. A ce wani direba ya ɗauko mutane daga Maraɗi za shi Tasawa. Kafin ya tashi ya sha kwalba ukku. Da almuru ya banke amalanken jaki. Mai amalanke ya karye ga ƙafa. Jakin ya mutu. Gaban motar ya lotse. Direban kanshi ya ji ciwo ga ƙirji. Jandarmomi suka zo, suka ji warin giya ga bakinshi. To daga nan mi za ya faru?

Magana biyu ce, ba ɗaya ba

Ta farko tsakanin direba da gwamnati take, dan ya taka doka. Wannan ita ke kawo tara, ko karɓe permi, ko gidan kaso. Ta biyu tsakaninshi da wanda aka cuta take, dan an yi mashi ɓarna. Wannan ita ke kawo biyan diyya. Asiransi, wadda wasu ke ce ma inshora, tana shiga cikin magana ta biyu kaɗai. Ba ruwanta da ta farko. Wanda ya gane wanga bambanci ya gane rabin zancen.

A wurin da haɗarin ya faru

Direba ya tsaya. Kada ya gudu. Gudu bayan haɗari laifi ne na daban, ana ƙara shi bisa na farko. In jama'a ta hasala har shina jin tsoron duka, to ya nufi ofishin jandarma ko na ƴan sanda mafi kusa, ya kai kanshi.

A fara da taimakon wanda ya ji ciwo. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17. Kada a gusa da mota ko amalanke sai hukuma ta zo ta auna, ta rubuta abin da ta gani. Wannan aikin shi ake ce ma konsta. Cikin gari aikin ƴan sanda ne, cikin daji aikin jandarmomi ne. Takardar konsta ita ce uwar takardu. Da ita alƙali ke aiki, da ita kamfanin asiransi ke aiki.

Za a tambayi direba permi, da takardar mallakar mota, da takardar asiransi. Ana iya ba shi wani ƙaramin inji ya hura, ko a kai shi likita a auna jininshi, dan a san yawan giyar da ke jikinshi. Ƙin yarda ba ya wanke shi. Sai dai a rubuta cikin takarda cewa ya ƙi. Kada kuma ya miƙa ma ma'aikaci kuɗɗi dan a rufe magana. Ba da cin hanci laifi ne, mai bayarwa da mai karɓa duka.

Gaban shari'a

Ana iya tsare direba a ofis dan bincike. Doka ta ƙayyade tsawon wannan tsarewa. Daga nan a aika takardu wurin alƙali mai shigar da ƙara. Shi ke duba ko a sallami mutum ya zo ranar shari'a, ko a kai shi gidan kaso ya jira.

Wanda ake tuhuma shina da hakki. Tun shekara ta 2014 wata ƙa'ida ta ƙasashen UEMOA, masu amfani da kuɗɗin sefa, ta ba lauya damar tsaya ma mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya shina iya neman taimakon hukumar ANAJJ. An kafa ta a shekara ta 2011 dan taimaka ma marasa ƙarfi ga sha'anin shari'a. A tambayi ofishinta a babbar kotun jiha. Wanda bai jin faransanci ya nemi tafinta. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta mashi ba.

Hukunci shina bin girman abin da ya faru. Tuƙi cikin maye laifi ne ko ba a banke kowa ba. In an ji ma wani ciwo, laifin ya ƙaru. In rai ya salwanta, shari'a na kiranshi kisa ba da niyya ba, kuma wannan na iya kai mutum gidan kaso. Cewa “ban yi da gangan ba” ba ta isa ba, dan da gangan ya sha, da gangan kuma ya hau mota. Ban da tara da kaso, ana iya karɓe permi na wani lokaci, ko a soke shi ɗungum.

Akwai kuma abin da ke biyo mutum bayan ya fito. Ana rubuta hukuncin cikin takardar kotu da ake ce ma kaziye. Ranar da ya je neman aikin gwamnati, ko aikin tuƙi a wani kamfani, ana iya neman wagga takarda. Wanda bai yarda da hukunci ba shina iya ɗaukaka ƙara, amma kwanakin da aka ba da ba su da yawa. Ya tambayi akawun kotu tun ranar da aka yanke.

Mi asiransi ke biya?

Dokar asiransi a Nijar ba tamu ba ce mu kaɗai. Ana ce mata dokar CIMA. Ƙasashen Afirka ne suka sa hannu bisa yarjejeniyarta a birnin Yawunde na Kamaru a shekara ta 1992, ta fara aiki a 1995. Kamfanonin asiransi na Nijar, da na Cadi, da Benin, da Burkina Faso, da Mali duk da ita suke aiki.

Aya ta 200 ta wagga doka ta ce tilas ne kowane abin hawa mai inji ya kasance da asiransi. Babur ma na ciki. Amfanin asiransin tilas shi ne biyan mutanen da abin hawan ya cuta.

Mutane da yawa na cewa: “Ai tun da direba ya sha giya, asiransi ba ta biyan kowa.” Wagga magana ba gaskiya ba ce. Aya ta 211 ta ce ko kamfani ya rubuta haka cikin takardarshi, rubutun banza ne game da asiransin tilas. Wanda aka banke ba shi ya sha giyar ba. Dan haka tilas a biya shi.

Cikin misalinmu, kamfani za ya biya kuɗɗin maganin mai amalanke, da ranakun da ya kwanta bai yi aiki ba, da nakasa in ƙafar ba ta koma daidai ba. Za a duba maganar jakin da amalanke. Fasinjojin da suka ji ciwo su ma ana biyansu, ko da ƴan gidan direban ne. In mutum ya rasu, ana biyan kuɗɗin jana'iza da diyya ga matanshi da ɗiyanshi da iyayenshi. Diyyar ba ciniki ba ce irin na kasuwa. Doka ta tsara yadda ake lissafinta, bisa takardar likita da abin da mutum ke samu.

Mi asiransi ba ta biya?

Na 1: ba ta biyan tara. Tara horo ce, daga aljihun mai laifi take fita.

Na 2: ba ta zaman kaso a madadin kowa, ba ta maido permi.

Na 3: asiransin tilas ba ta biyan ciwon wanda ke tuƙi. Aya ta 206 ta fid da shi.

Na 4: ba ta gyara motar da ta yi haɗarin. Wasu masu mota na ƙara kuɗɗi su sayi babbar asiransi, wadda ke gyara motarsu ko ta biya direba. To nan ne giya ke yin ɓarna. Ayar nan ta 211 ta ba kamfani damar ƙin biyan wannan ƙarin, in an rubuta sharaɗin cikin takarda kuma kotu ta kama direba da laifin maye. Mai mota ya biya kuɗɗi da yawa, ya tashi hannu banza.

Bayan haɗari, in takardar ta ba shi dama, kamfani na iya yanke yarjejeniyar. Sai mai mota ya shiga neman wani kamfani, kuma za a tambaye shi abin da ya faru a baya. Ɓoye gaskiya da gangan na iya ɓata sabuwar asiransin.

Mai mota ya gaggauta sanar da kamfaninshi. Galibi kwana 5 na aiki ake ba da. Ya kai sanarwa a rubuce, ya riƙe shaidar an karɓa. Ya faɗi gaskiya, dan maganar giya tana nan cikin takardar jandarmomi.

Ramuka biyu masu zurfi

Rami na farko: tuƙi ba asiransi, ko da wadda wa'adinta ya ƙare. Nan ba wanda za ya tsaya maka. Diyya duka ta hau kan direba da mai mota. Kotu na iya sa a saida motar da dabbobi da sauran dukiya dan a biya.

Rami na biyu: an karɓe ma mutum permi, ya ce iyali na jin yunwa, ya koma tuƙi a ɓoye. In ya sake yin haɗari, kamfani za ya biya wanda aka cuta, amma doka ta ba shi damar ya komo ya bi mai laifi bashin kuɗɗin da ya fid da. Irin wanga bashi na iya cinye wahalar shekaru. Gara mutum ya nemi wata sana'a har wa'adin ya cika.

Ga wanda aka banke

Ɗan uwa manomi, in kai ne aka cuta, ko wani naka, ga abin yi. Rubuta lambar motar da sunan kamfanin asiransinta. Karatun da kake koyo nan shike yi maka rana. Tabbata an yi konsta. Karɓi takardar likita ta farko, da ta ƙarshe in ka warke. Ajiye rasit na kowane magani. In rasuwa ce, ana bukatar takardar rasuwa, da ta aure, da ta haihuwar yara, da ta magada. Shi ya sa kullum muke cewa a yi ma yara takardar haihuwa.

Kamfani ne za ya gabatar da tayin diyya. A sa wanda ya iya ya karanta maka kafin ka sa hannu. In ba ka gamsu ba, ƙofar kotu buɗe take. Kada a bar magana ta kwana da yawa: bayan shekara 5 da haɗari hakkin kai ƙara na faɗuwa. Kuma masu amalanke su lura: in an same ka da naka laifin bisa hanya, ana iya rage diyyar jakinka da kayanka.

Maganar sulhu

Al'adarmu ce dangin direba su je gaisuwa da ban haƙuri, wani lokaci gaban mai gari ko liman. Abu ne mai kyau, shina sanyaya zuciya. Amma a san abu biyu. Yafewar dangi ba ta tsaida alƙali mai shigar da ƙara, dan laifin tsakanin direba da gwamnati yake. Kuma alkawarin kuɗɗi da mai mota ya ɗauka ba da sanin kamfani ba, kamfani na iya cewa ba ruwanshi da shi. Masu hakki kuma kada kunya ta sa su bar diyyar asiransi. Ba roƙo ba ne. Hakkin marayu ne da doka ta tanada.

Goro ba ya korar giya

Wasu na cewa in an ci goro, ko an sha kofi mai ƙarfi, ko an yi wanka, maye ya wuce. Ba haka ba ne. Hanta ce ke ƙone giya, kuma sannu-sannu take aikinta. Wanda ya sha da yawa da dare na iya wayuwar gari da sauranta cikin jini. Giya na rage gani, tana sa ƙafa ta makara wurin taka birki, tana kuma sa mutum ya ji kamar ya fi kowa iya tuƙi. Ƙwayoyi irin su taramol su ma suna ruɗa hankalin mai tuƙi.

Mai mota, san wanda kake ba makulli. Fasinja, in ka ji wari ga bakin direba, sauka ka gaya ma shugabannin tasha. Asarar kuɗɗin mota ta fi asarar ƙafa sauƙi.

A karanta wanga bayani a ajin yaƙi da jahilci, a tattauna bisa tambayoyin ga: Mi ya bambanta tara da diyya? Wa asiransin tilas ke biya, wa take bari? Waɗanne takardu ne wanda aka banke za ya ajiye? Wanda ya gane ya gaya ma wanda bai zo ba.

Allah shi kiyaye hanya. Amin.