Ganyen Fachuli Da Ƙajijin Fadamarmu

Manoman Gaya da Ajingi, yau zancenmu na turare ne. Kada ku ce ina ruwan manomi da turare, gama ƙanshin nan da ke kwana a jikin riga sau da yawa daga gona ya fito.

Akwai wani tsiro da ake kira fachuli. Dangin ɗaɗɗoya ne da na'ana'a, tsawonsa bai cika wuce ƙugun mutum ba. Mafi yawan mansa daga ƙasar Indunusiya yake fitowa, musamman tsibiran Sumatara da Sulawesi. Ba iri ake shukawa ba, reshe ake yanka a dasa, kamar rogo. Bayan wata 5 ko 6 sai a yanki ganyen a shanya a inuwa, sa'an nan a zuba a babbar tukunya a turara. Tururin ya kwaso man, ya bi bututu ya huce, man ya taso bisa ruwa a kwashe. Kilo 100 na busasshen ganye ba ya ba da fiye da kilo 2 ko 3 na mai. Kun ji dalilin tsadarsa.

Ƙanshinsa kuwa kamar na ƙasa ne in an yi ruwan fari, gauraye da na tsohon itace. Masu haɗa turare sun ce ƙanshi hawa uku ne. Na lemo shi ke fara bugun hanci, nan da nan ya tashi. Na furanni ya biyo baya. Na ƙarshe shi ne mai nauyi, wanda ke riƙe sauran kada su gudu, to, nan fachuli yake. Watau aikin daddawa yake yi a miya: kaɗan ake sawa, amma in babu ita kowa ya sani. A ƙarni na 19 fataken Hindu suna cusa ganyensa cikin mayafan da suke aikawa Turai don maganin asu, har matan Faransa suka riƙa gane mayafi na ainihi da ƙanshin.

To, zai yi a ƙasarmu? Gaskiya da wuya. Yana son ruwan sama inci 60 ko fi a shekara, da laima, da inuwa. Mu kuwa namu bai cika wuce inci 35 ba, ga iskar hunturu. Wanda ya zo muku da dashensa yana yi muku alkawarin arziki, ku riƙe kuɗinku tukuna.

Amma fa muna da masu irin wannan aiki a fadamun kogin da ya biyo ta Wudil. Ga ƙajiji, wanda mata ke dakawa a turaren wuta da humra. Ɗan'uwansa ake tatsa a Hindu ana sayar wa masu turaren Turai. Ga kuma jema, da muke yi wa kallon ciyawar zana kawai, alhali saiwar 'yar'uwarta ce mutanen Haiti ke sayarwa duniya. Jema kuwa tana riƙe bakin gona kada ruwa ya zaizaye shi, don haka a daina cinna mata wuta.

In za ku tono ƙajiji, ku bari sai ruwa ya janye. Kada ku kwashe duka, ku bar na baɗi. A wanke laka sarai, a shanya a inuwa, gama rana tana shanye ƙanshin, wanda ya yi fumfuna kuwa mai saye a Kasuwar Kurmi ba zai ko taya ba.